Lambar Ragon Safara'u

Duk Gagarawa an san Safara'u da abu biyu: baki da kiwon rago. Bakin kyauta take raba shi, ko ba ka roƙa ba. Ragon kuwa, in ka cika kallonsa sai ta tofa masa addu'a a gabanka, don ka san ta gane ka.

Shekara uku kafin a ba da mulkin kai ta yi wani farin rago, ta sa masa suna Maigida. Wai tunda mijinta ya rasu, shi kaɗai ne namijin da ke cin abincinta bai yi mita ba. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, ƙanzon tuwo da yamma. Ran Juma'a a yi masa wanka da sabulun salo, ita kuwa sai ta ga dama.

Amma ba ragon ne damuwarta ba, gona ce. Marigayi ya bar mata wata makekiyar gona a gabas da gari, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, ita ga ta da ciwon baya. Daminar farko ta nome kusurwa ɗaya. Ta biyu sabara ta cinye har kusurwar. Shi ke nan sai Ubale, ƙanin mijinta, ya mai da ƙofar mai gari wurin hirarsa. Ubalen nan fa lokacin da aka kawo ta amarya ko wando ba ya sawa, ita ta riƙa share masa majina. Yanzu ya tara gemu da tumbi, yana cewa gonar ubansu tana lalacewa a hannun mace. Da ya dame shi, mai gari ya yanke magana: in damina mai zuwa ta yi nisa ba a juya ƙasar gonar nan ba, Ubale ya karɓa.

Akwai wani Bafulatani, Sajo, da yake sauka da shanunsa a gonar kowane rani. Shi ya ce mata, "Inna, ina da bijimai biyu masu hankali. Ki samo garmar shanu kawai, mu nome taki mu nome tawa."

"Garma? A ina? A bakin murhu?"

Ba a yi wata ba sai ga sanƙira yana shela ran kasuwa: za a yi nunin dabbobi a Gumel, ragon da ya fi kowane kyau a ba mai shi garmar ƙarfe sabuwa fil. Safara'u ta dawo gida ta dubi Maigida, shi ma ya dube ta yana tuƙa.

"Ka ci ka ci, yau ga ranar biya ta zo," in ji ta.

Ubale ma ya ji shelar. Shi da ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya hau jaki ya tafi Maigatari ya sayo wani jibgegen uda, rabi baƙi rabi fari, ya dawo yana cewa wai tun yana ɗan mitsitsi yake hannunsa.

Ana gobe taro Safara'u ta sauka a gidan ƙawarta Talatu, mai tuyar ƙosai a Gumel. Da safe kowa ya kama hanyar fili, ita tana bakin rijiya tana wanke rago. Ta wanke, ya yi birgima. Ta sake wankewa.

"Ke, aure za ki kai shi?" in ji Talatu. "Mutane sun tafi tun ɗazu."

"Su je. Ba a raba garmar da sammako."

Da suka isa, fili ya cika da shanu da jakuna da tumaki, har da masu kaji a akurki. Dokar wurin ita ce kowace dabba a ba ta lamba, a rubuta a jikinta, a ba mai ita 'yar takarda mai wannan lambar. Mutum biyu ke aikin. Na farko akawu, Malam Ishaƙ, yana zaune a inuwar rumfa da alƙalami uku a aljihu, biyu babu tawada, don ado ne. Na biyu Malam Muntaka, malamin allo ne mai kyan hannu, ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci ya haddace lambobin boko daga sifili har tara. Tun daga nan ba ya amsa sallama sai da tari. Shi aka ba bokitin shuni da wani ƙaton alƙalamin kara, yana tsaye a rana bayan rumfa.

Da yake Malam Muntaka bai kai ga haɗa lambobi ba, sai akawu ya riƙa jefo masa su ɗaya bayan ɗaya ta bayan kafaɗa, ko waiwayowa ba ya yi.

Akawu ya miƙa wa Safara'u takarda, ya ɗaga murya. "Ɗari da ashirin! Malam, ɗaya. Biyu. Sifili."

"Tsaya, tsaya," in ji Safara'u. "A jikin wa za a shafa wannan abin?"

"Baiwar Allah, doka ce," in ji Malam Muntaka.

"Farin rago? Wanka biyu na yi masa!"

"Ko bakwai ne. Riƙe min ƙaho."

Ta riƙe tana tsaki. Malam ya yi bisimilla, ya fara daga hannun dama kamar yadda ya saba a allo tun yana ɗan shekara biyar. Ya ja wani abu miƙaƙƙe kamar taɓarya. Ya matsa hagu ya zana wani mai lanƙwasasshen wuya kamar agwagwa. Ya sake tsoma alƙalami har ya ɗiga, ya ƙara matsawa hagu ya yi wani kewayayye kamar ƙwai. Ya ja da baya ya karkata kai yana sha'awar aikinsa. Safara'u ta ƙulle takardarta a gefen zane, ta ja ragonta tana ƙunƙuni.

A layin raguna ta tarar da Ubale, ya sha babbar riga, yana riƙe da udansa.

"A'a, matar Yaya! Sai yanzu? Ni tun da hantsi na karɓi tawa, sha biyu."

"Sannu da ƙoƙari, mai majina. Ya sunan ragon naka? Ko ba ku gama gaisawa ba tukuna?"

Mai duba dabbobin wani Bature ne likitan shanu, rana ta gasa masa kunnuwa sun yi ja kamar gauta. Ya bi layi yana buɗe baki, yana ɗaga wutsiya, yana auna har abin da ba a faɗa a gaban surukai. Ya daɗe a kan udan Ubale. Ya zo kan Maigida ya daɗe shi ma, ya zagaya shi sau uku, ya dafa gadon bayansa ya ce wani abu da yarensu. Maigida ya miƙa wuya ya ɗanɗana gefen littafinsa. Bature ya yi dariya, ya yi rubutu. Da ya gama da sauran dabbobi ya yage takarda ya ba akawu, ya faɗa mota ya nufi Maigatari, wai ana jiransa da allurar shanu. Aka ce sai bayan azahar za a faɗi sakamako.

Ƙarar motar ba ta ɓace ba Safara'u ta ja rago sai bakin rijiya.

"Ki bari a gama mana," in ji Talatu.

"Ai an gama. Ya gani, ya rubuta. In shunin nan ya kwana ya zauna ke nan, in koma Gagarawa da rago kamar wanda ya faɗa marina?"

Ta sa sabulu da soso ta dirje shi tas. Taɓarya ta fita, agwagwa ta fita. Ƙwan ne ya yi taurin kai, don nan Malam ya zuba shuni da yawa, ta yi ta dirza tana yi wa hannunsa addu'ar da ba ta alheri ba, har ya dushe gashi ya rufe shi.

Bayan azahar aka taru. Aka jawo garma tsakar fili, shuɗiya, bakinta yana ƙyalli. Wani dattijo da aka ɗora wa shugabancin taron yana zaune a kujera yana gyangyaɗi da mutunci. Akawu ya miƙe, ya gyara alƙalumansa uku.

"Za mu fara da raguna. Na ɗaya, lamba ashirin da ɗaya!"

Safara'u ta ji kamar an ɗaga ta an nana da ƙasa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san ɗari da ashirin ba ashirin da ɗaya ba ne. Sai ta ga gonar a idonta, da Ubale tsaye a tsakiya ya riƙe ƙugu.

Can aka ji wani yana cewa, "Ni ne! Wallahi ni ne!" Sai ga wani mutumin Ɗanzomo, Gwadabe, yana janye da wani abu da aka ce rago ne. Haƙarƙarinsa a waje, ƙaho ɗaya ya karye, yana tafe yana tari. Shi kansa Gwadaben ba don gasa ya kawo shi ba, so yake ya haɗu da mahaucin da idonsa bai da kyau.

Fili ya kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan garmar ce za ta ja shi!"

Akawu ya karɓi takardar Gwadabe, ashirin da ɗaya ce sak. Ya leƙa jikin ragon, sai ya ga sha biyu. Ya sake duban takarda, ya sake duban rago. Ya ruga layin jakuna ya dudduba, ya dawo gumi na bin wuyansa.

"Malam Muntaka! Ta ina kake fara rubutun nan?"

"Ta dama mana."

"Ta dama? Boko ta hagu ake fara shi!"

"Malam Ishaƙ, ci da dama, alwala da dama, shiga masallaci da dama. Sai a kan dabbar Allah zan fara da hagu? Abin da ka faɗa shi na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba."

"Dabba ɗari da hamsin ka juya min!"

"Ai da ka waiwayo."

Dattijo ya farka ya tambayi abin da ke faruwa. Akawu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, gyaran mai sauƙi ne. Bature abin da ya gani a jikin dabba ya kwafa. Sai mu juya kowace lamba ta koma yadda take." Ya tsuguna ya share ƙasa, ya rubuta ashirin da ɗaya da yatsa. "A ɗauki ta ƙarshe a ajiye ta farko. A koma a ɗauki wadda ta zama ta ƙarshe a ajiye bayanta. Haka har su ƙare. Ga ɗaya, ga biyu. Sha biyu! Ina mai sha biyu?"

Ubale ya fito yana taku ɗai-ɗai, ga takarda a sama, ga uda a baya da agwagwa da taɓarya raɗau a jikinsa. Aka karɓe igiyar garma daga hannun Gwadabe, wanda ya riƙe ta kamar tsawon atishawa biyu, aka miƙa wa Ubale. Ya waiwayo ya washe baki.

"Matar Yaya, kada ki damu. In na shuka gyaɗa a gonar, harawar taki ce. Ki ba Maigida."

Talatu ta kama hannunta. "Zo mu tafi, kada ki yi abin kunya."

Safara'u ta fizge. Idonta na kan rubutun da ke ƙasa. Abin da akawu ya yi ɗin nan ai ta san shi. Duk ranar da za ta yi wa ɗaki daɓe haka take sauke jeren ƙorenta, ta sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta dawo sama. Ta kutsa cikin maza, tana janye da rago.

"Malam akawu, sannu da aiki. Ni ma juya min tawa."

"Iya, an gama da raguna."

"Na sani, ɗan nan. Don in sami abin faɗa ne in na koma gida. Ko ilimin naka lamba ɗaya yake juyawa ya gaji?"

Aka yi 'yar dariya. Akawu ya karɓi takardar da ta kwance daga gefen zane, ya tsuguna da fushi.

"Ɗari da ashirin. A ɗauki ta ƙarshe, sifili. Sai biyu. Sai ɗaya." Ya sa tafin hannu ya shafe sifilin. "Sifili a gaba ba komai ba ne, ba a karanta shi. Saura ashirin da..."

Bai ƙarasa ba.

"Ashirin da me?" in ji Safara'u. "Ƙarasa mana, kunnena ba ya ji sosai."

"Da ɗaya," in ji akawu a hankali.

Fili ya ɗauki hayaniya. Dattijo ya gyara zama, barci ya tafi. Rago biyu, lamba ɗaya, mai raba gardama kuma yana can Maigatari yana soka wa shanu allura.

Ubale ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a duba jikin dabbobi! Ga nawa da rubutunsa. Nata fa? Fari fat kamar likkafani. Wa ya san ma an taɓa rubuta masa wani abu?"

Nan Safara'u ta tuna dirzar da ta yi a bakin rijiya. Ta dubi hannunta, har yanzu da shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin farce. Talatu ta matso ta raɗa mata, "Na ce ki bari."

"Rufe min baki, ke ma."

Ta sake duban ƙasa, inda tafin akawu ya share. Ta ɗago.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Wannan yaron da ya share ƙwan nan yanzu a gabanmu ko kunya babu, wa ya san ko ya saba? A nuna min takardar Baturen."

"Ke da ba ki san ko bihim ba, me za ki gani?" in ji akawu, yana tura takardar cikin aljihu.

"Karatu ne ban iya ba, ƙirga na iya."

Dattijo ya miƙa hannu kawai. Akawu ya zaro ta kamar ana cire masa haƙori. Aka buɗe, dattijo ya kira Safara'u, akawu ya nuna layin farko da alƙalaminsa marar tawada. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta ɗora yatsa.

"Ga ƙwai. Ga agwagwa. Ga taɓarya. Uku ke nan ko idona ne? Ubale, juyo da baƙon naka. Agwagwa, taɓarya. Ina ƙwanka?"

Dattijo ya dubi akawu. "Malam Ishaƙ, uku ne ko biyu?"

"Uku ne, ranka ya daɗe. Amma a ƙa'idar lissafi, sifilin da ke gaba..."

"Ba komai ba ne, mun ji," in ji Safara'u. "Ni ma ina da ƙwaryar da ba komai a cikinta, amma in na tashi sauke jere ba na jefar da ita. Juya su duka ukun, kada ka ci ko ɗaya."

Akawu ya tsuguna karo na uku. Ɗaya. Biyu. Sifili. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗari da ashirin."

Ubale ya ƙanƙame igiyar garma. "Bature ne ya yi kuskure! Alƙalaminsa ne ya zame!"

Talatu, wadda ɗazu take cewa a tafi, ita ce ta durƙusa gefen Maigida ta baje gashin da bai gama bushewa ba. Ga shi nan kuwa, kewayayyen shuɗi a jikin fata, ya dushe amma bai mutu ba.

Malam Muntaka ya matso ya leƙa, ya yi tarinsa. "Hannuna ne. Rubutuna ba ya fita da wanki ɗaya." Ya dubi jama'a kamar shi aka ba garmar.

Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsun Ubale daga igiya. Safara'u ta karɓa, ta rangaɗa guɗa da kanta tunda ba wanda ya yi mata, Talatu ta taya ta. Sauran dabbobi kuwa aka kai la'asar sakaliya ana juya lambobinsu, akawu a tsugune, masu jakuna na zaginsa, masu kaji na zagin Malam Muntaka. Gwadabe ya sami mahaucinsa a cikin rikicin.

Jakin Sajo ne ya kai garmar Gagarawa. Ruwan farko na sauka bijimai suka shiga gona, kwana huɗu ƙasa ta juye baƙa wuluk daga wannan iyaka zuwa waccan. Mai gari ya zo ya gani, ya ce Allah ya sa albarka, ya juya. Safara'u ta sa aka fara kunyar farko daga gefen da ke kallon ƙofar Ubale, wai nan ƙasar ta fi laushi.

Aka wayi gari rabin unguwa na son aron garma. Wanda ya riga kowa sallama da sassafe, wa kuke tsammani? Yana tsugune a zaure, ya cire hula yana murza ta, mutum shida a bayansa.

"Matar Yaya, ina kwana? Dama cewa na yi, in kun gama... ai ni na fara zuwa."

"Kai ka fara zuwa?"

"Wallahi, tambayi kowa."

"To madalla. Ni kuwa a Gumel na yi karatuna." Ta leƙa ta bayan kansa ta kira wanda ke can bakin ƙofa, wanda ko takalmi bai gama cirewa ba. "Kai na ƙarshe, zo ka ɗauka. Ubale, ka zauna, ana zuwa kanka."